Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A arewa maso gabashin ƙasar Ekwado, can cikin Amurka ta Kudu, akwai wani gari wanda takardun gwamnati suke kira Nueva Loja, amma a bakin jama'a sunansa Lago Agrio. Ma'anar wannan suna da Sifaniyanci ita ce Tafki Mai Tsami. Ma'aikatan kamfanin mai na Texaco ne suka raɗa shi, domin tunawa da wani ƙaramin gari na jihar Tekzas ta Amurka inda kamfaninsu ya fara samun arziki. A lokacin da suka raɗa sunan, ruwan wurin garai-garai yake, ana sha, ana wanka, ana kamun kifi. Kafin shekara 25 ta cika, sunan ya bi wurin. Hausawa kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Labarin wannan ruwa ya ɗora mana tambayoyi biyu waɗanda ya kamata kowane mai tsoron Allah ya zauna ya auna. Ta farko: idan mai ƙarfi ya ɓata wa marar ƙarfi abin da rayuwarsa ta rataya a kai, aka ce wa marar ƙarfin ya tafi kotu, sa'an nan ya tarar abokin shari'arsa ya fi shi sanin kowace ƙofa ta kotun, shin abin da ya fito daga wurin ya isa a kira shi adalci? Ta biyu ta fi wuya: idan mai tsaya wa talaka ya ga haka, ya halatta shi ma ya bi ta bayan gida domin ya ƙwato masa hakkinsa?

Abin da aka yi wa kurmi

Yankin da muke magana a kai sashe ne na kurmin Amazon, wanda babu kurmi mai girmansa a duniya. Ruwan sama yana zuba kusan kowane wata, itatuwa sun rufe sama har rana ba ta cika taɓa ƙasa ba, rafuffuka kuma suna gangarawa cikin kogunan Aguarico da Napo. Tun kaka da kakanni ƙabilun Kofan, Siona, Sekoya, Kichwa da Waorani suke zaune a ciki, suna farauta, suna su, suna noman rogo da ayaba. A irin wannan wuri rafi shi ne rijiyar gida, shi ne hanyar zuwa gona, shi ne wurin da uwa take wanke jaririnta.

A 1964 gwamnatin Ekwado ta ba Texaco izinin neman mai a yankin. A 1967 aka sami man, a 1972 kuma aka gama shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 500 wanda ya haura duwatsun Andis ya kai bakin teku. Texaco ne ya riƙe aikin haƙar har 1990, ya fita gaba ɗaya a 1992. Tun daga 1977 kamfanin mai na gwamnati, wanda daga baya aka kira Petroecuador, shi ne mai kashi 62.5 cikin 100 na wannan haɗin gwiwa.

Ɗanyen mai ba ya fitowa daga ƙasa shi kaɗai. Yana taho da wani ruwa mai zafi, mai gishiri, gauraye da ragowar mai da sinadarai masu guba. Tun a wancan zamani an san hanyar mayar da wannan ruwa can ƙarƙashin ƙasa inda ya fito, sai dai hanyar tana cin kuɗi. A kurmin Ekwado an riƙa sakinsa cikin rafuffuka. Bisa ga lissafin waɗanda suka kai ƙara, abin da aka zubar ya wuce galan biliyan 16. An kuma haƙa ɗaruruwan ramuka a kusa da rijiyoyin mai, ba tare da an daɓe su da komai ba, ana zuba dagwalon haƙa a ciki. In ruwan sama ya cika su, sai su tumbatsa su gangara rafi. Hanyoyin mota kuwa ana yayyafa musu ɗanyen mai domin kwantar da ƙura, yara suna takawa ba takalmi. Mazauna wurin sun yi ta kukan mutuwar kifi da dabbobi, cututtukan fata, ɓarin ciki da ciwon daji.

Kamfanin yana da nasa bayani, wajibi ne kuma mu ji shi. Ya ce a 1995 Texaco ya yi yarjejeniya da gwamnatin Ekwado, ya kashe kimanin dala miliyan 40 wajen gyara ramukan da suka faɗo cikin kasonsa, a 1998 kuma gwamnati ta sa hannu cewa ta sallame shi. Ya ce abin da ya rage alhakin Petroecuador ne, wanda ya ci gaba da haƙa tun 1990, man kuma bai daina malala a hannunsa ba. Ya kuma musanta cewa an tabbatar aikinsa ne ya jawo cututtukan. Abin da babu mai musu a kansa shi ne guba tana cikin ƙasar.

Shekara 30 a gaban alƙalai

A 1993 aka shigar da ƙara a birnin Niyu Yok a madadin mutum kusan 30,000. Sunan wata mace 'yar ƙabilar Kichwa, Maria Aguinda, shi ne na farko a takardar. Texaco ya ce kotun Amurka ba wurin wannan magana ba ce, a mayar da ita Ekwado, ya kuma kawo takardun rantsuwa masu yabon kotunan ƙasar da gaskiya da iya aiki. Wannan gardama kaɗai ta ci shekara 9. Ana cikinta, a 2001, kamfanin Chevron ya haɗiye Texaco. A 2003 aka sake shigar da ƙarar a Lago Agrio, inda wani lauya ɗan ƙasar mai suna Pablo Fajardo ya zo ya zama jagora. Shi ɗan talakawa ne, ya yi leburanci a yankin man, waɗansu Fada na Ikkilisiyar Katolika ne kuma suka taimake shi ya yi karatu. Tare da shi akwai wani lauya Ba'amurke mai suna Steven Donziger.

A watan Fabrairu na 2011 alƙali Nikolas Zambrano ya yanke cewa Chevron ya biya diyyar da ta kai dala biliyan 18, wadda babbar kotun ƙasar ta rage zuwa biliyan 9.5 a 2013. Chevron ya ƙi biya, ba shi kuma da wata dukiyar kirki a Ekwado da za a kama. Kotunan da ya yaba jiya, yau ya ce ruɓaɓɓu ne. Mako biyu kafin hukuncin ma ya riga ya kai ƙarar Donziger da abokan aikinsa a Niyu Yok, a ƙarƙashin wata doka da aka kafa a 1970 domin yaƙi da gungun miyagu masu shirya laifi.

A 2014 alƙali Lewis Kaplan ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin Ekwado. Ya ce rahoton gwanin da kotu ta naɗa a matsayin ɗan ba-ruwanmu, a ɓoye waɗansu masana da ɓangaren masu ƙara ya biya ne suka rubuta shi. Ya ce an yi wa alƙalin alkawarin dala 500,000, an kuma rubuta masa hukuncin. Donziger da Zambrano sun musanta cin hancin. Babban mai shaida a kan wannan batu wani tsohon alƙali ne, Alberto Guerra, wanda Chevron ya kwashe shi da iyalinsa zuwa Amurka yana ba shi kuɗin wata-wata, wanda kuma a 2015 ya amsa da bakinsa cewa ya yi ƙarya a waɗansu sassa na maganarsa. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin Kaplan a 2016. A 2018 wani zaman sulhu na ƙasa da ƙasa a birnin Hag na Holan shi ma ya ba Chevron gaskiya. Ƙoƙarin karɓar diyyar a Kanada, Burazil da Ajantina duk ya faɗi.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2019 Donziger ya ƙi miƙa kwamfutarsa da wayarsa, yana cewa asirin waɗanda yake karewa yana ciki. Kaplan ya tuhume shi da raina kotu. Ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ƙi ɗaukar shari'ar, sai alƙalin ya naɗa wani ofishin lauyoyi mai zaman kansa ya gurfanar da shi, daga baya kuma ya bayyana cewa ofishin ya taɓa yi wa Chevron aiki. An soke lasinsa na lauya a 2020. Tsakanin ɗaurin talala da kurkuku ya yi kwana 993, a kan laifin da iyakar horonsa wata 6 ne. Wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2021 tsarewar ta saɓa wa ƙa'ida. A 2023 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraron kukansa, ko da yake alƙalai biyu daga cikinta sun nuna rashin yarda da yadda alƙali ya naɗa wa kansa mai gabatar da ƙara.

Yadda dukiya take lanƙwasa shari'a

Mu da muka saba da labarin toshiyar baki muna iya zaton ita ce kaɗai hanyar da kuɗi yake shiga kotu. Wannan shari'a ta nuna mana waɗansu hanyoyi, waɗanda doka ba ta hana ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai lokaci. Kamfani ba ya tsufa, ba ya ciwo, ba ya binne 'ya'yansa. Shekara 10 a wurinsa lissafi ne a littafin akawu, a wurin mai shan ruwan rafi kuwa rabin ƙuruciyar ɗansa ce. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka fara ƙarar nan yanzu ya wuce shekara 30, da yawa daga cikin waɗanda suka fara ta kuma sun riga mu gidan gaskiya. Wanda yake iya jira har abada ba ya bukatar ya ci shari'a, ya ishe shi kada ta ƙare.

Akwai zaɓin wuri. Mai dukiya yana iya cewa a tafi can, in can ta ƙi shi ya ce a dawo nan, in nan ma bai gamsu ba ya buɗe wata ƙofa ta uku. Zaman sulhu na Hag ya tsaya ne a kan wata yarjejeniyar kare jari tsakanin Amurka da Ekwado wadda ta fara aiki a 1997, shekara 5 bayan Texaco ya bar ƙasar. A wannan zaure kamfani yana iya kai ƙarar gwamnati, amma manomin da aka ɓata wa rafi ba ya cikin masu shari'ar, ko da yake makomar rafinsa ake tattaunawa.

Akwai kuma sauya tambaya, wadda ta fi sauran nauyi. An shiga kotu da tambaya ɗaya: wa ya zuba guba a ruwan nan, wa kuma zai kwashe ta? Aka fito ana amsa wata dabam: wane irin mutum ne lauyan nan? Kaplan da kansa ya rubuta cewa ya ɗauka akwai gurɓata a yankin, amma ba ita ce maganar da take gabansa ba. Bisa ga doka ya faɗi daidai. Sai dai a ƙarshe babu sauran wani zaure a duniya da tambayar farko take gabansa.

Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, ya koya mana cewa ana iya cika dukan sharuɗɗan shari'a, adalci kuwa yana waje. Yezebel ba ta aika sojoji su ƙwace gonar inabin Nabot ba. Ta sa aka yi shelar azumi, aka tara dattawa, aka kawo shaidu biyu kamar yadda doka ta nema, aka yanke hukunci a bainar jama'a. Duk wanda ya duba takardun ranar nan zai ce an bi ƙa'ida. Annabi Iliya bai tsaya duba takardu ba, gonar da jinin ya duba. Ba muna cewa kowane alƙalin da ya ba kamfani gaskiya ɗan Yezebel ba ne. Abin da muke cewa shi ne, dalilin da ya sa al'umma take kafa kotu shi ne domin wanda ba shi da wani ƙarfi ya sami wurin da ƙarfi ba ya aiki. Mai ƙarfi ba ya bukatar kotu kafin ya sami abin da yake so. Saboda haka kotun da zurfin aljihu yake yanke tsawon numfashin mutum a cikinta ta bar aikin da aka kafa ta dominsa, ko da babu kobo ɗaya da ya shiga hannun alƙali.

Ya halatta a yi zamba domin talaka?

A nan ne zuciya take so ta ruɗe mu. Da yawa za su ce: in har gaskiya ne lauyoyin talakawan nan sun yi maguɗi, to, mene ne laifinsu? Da ƙato suke kokawa, a kotun da kowa ya san ana matsa mata lamba daga kowane gefe. Wanda ya shiga dawa da kura ai ba ya zaɓen sanda.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba za mu iya karɓarta ba. Koyarwar Ikkilisiya a fili take tun daga Manzo Bulus: ba a aikata mugunta domin alheri ya fito daga cikinta. Dokar Musa ma, wadda ta hana alƙali ya goyi bayan mai arziki saboda arzikinsa, ita ce ta hana shi goyon bayan matalauci saboda talaucinsa. Kamfani, komai girmansa, yana da hakkin a yi masa shari'ar gaskiya. In muka yarda a murɗe shari'a yau domin muna ƙin wanda ake tuhuma, gobe za a murɗe ta a kanmu, ba mu kuwa da bakin magana.

Ban da haka, zambar da aka yi domin talaka, talakan ne yake biyan kuɗinta. Mai dukiya yana da makamai da yawa, talaka kuwa ɗaya tak gare shi, wato gaskiyarsa. Mutanen Lago Agrio ba su bukaci rahoton ɓoye ba. Ramukan suna nan, duk mai hanci zai ji warinsu. Amma daga ranar da aka nuna cewa rahoton gwanin kotu ba daga hannunsa kaɗai ya fito ba, sai aka sami sandar dukan duk abin da suka faɗa, har da wanda yake gaskiya tsantsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ya faɗa ciki kuwa a wannan karo ba shi ne ya haƙa ba.

Sai dai kada mu tsaya a rabin hanya, gama laifi biyu ne a nan, ɗaya kuma ba ya goge ɗaya. A ce wani ya saki wuta ta cinye rumbun maƙwabcinsa, aka je gaban dagaci, ɗan'uwan mai rumbun da yake magana a madadinsa ya ƙara yawan damman da suka ƙone, har ya yi wa wani ɗan fada alkawarin goro. Dagaci mai adalci zai hori maƙaryacin, daidai da girman laifinsa. Amma ba zai sallami taron ba sai ya aika mutane sun je sun duba tokar, sun ƙiyasta hatsin da ya ƙone, an kuma sa mai wutar ya biya. In ya ɗaure maƙaryacin shekara 3, ya bar mai rumbu da iyalinsa da yunwa, ya ce magana ta ƙare, duk garin zai san an yi hukunci, ba a yi adalci ba.

Bashin da ba ya ruɓewa

To, bashin nan a wuyan wa yake? Wanda ya sayi gida da kayan cikinsa ya sayi bashin da ake bin gidan. Chevron ya gaji ribar Texaco, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin Ekwado ita ce mai kaso mafi tsoka a cinikin, ita ta sa hannu a takardar sallama ba tare da ta zauna da mutanen rafi ba, kamfaninta kuma ya ɗora daga inda aka tsaya. Shekara da shekaru kowanne yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, nunin yatsa kuwa bai taɓa kwashe ko da bokiti ɗaya na dagwalo ba.

A wurinmu tuba ba ta cika sai da mayar da abin da aka ɗauka. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya kan cewa babu kotun da ta kama shi ba, ya tashi ya mayar wa waɗanda ya zalunta har riɓi 4. Takardar sallama tana iya kuɓutar da mutum daga hannun ɗan sanda, amma ba ta kuɓutar da shi daga hakkin maƙwabcinsa. Tun a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa lalata halitta matsalar ɗabi'a ce. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato si' ta 2015, ya tsawata wa kamfanonin da suke yi a ƙasashen matalauta abin da ba za su kuskura su yi a gida ba, a 2019 kuma ya tara bishop-bishop a Roma musamman domin maganar Amazon da mutanenta.

Gemun ɗan'uwa

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Nijeriya. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956, kurmi da fadamun Neja Delta suke shan irin wannan ruwa. A ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 'yan Ogoni a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman da gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta kafa, wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Daga baya waɗansu shaidu suka rantse cewa saye aka yi su. Kamfanin Shell ya musanta hannu a ciki, a 2009 kuma ya biya iyalan dala miliyan 15.5 a Niyu Yok ba tare da amsa laifi ba. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sami wani sinadari mai jawo ciwon daji a rijiyoyin wata unguwa ta Ogale, har ninki 900 na abin da aka yarda da shi, ta kuma ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Duk da haka akwai abin ƙarfafa zuciya. Masuntan Bodo, waɗanda mai ya malale musu a 2008, sun sami fam miliyan 55 a 2015 ta hanyar ƙarar da suka kai Landan. Manoma 4 da suka kai ƙara Holan a 2008 sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2021, ko da yake waɗansunsu ba su rayu sun ga ranar ba. Da shaidar gaskiya da haƙuri suka kai ga haka. Amma abin kunya ne a ce sai ɗan ƙasa ya haye teku kafin a saurare shi.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne. Fetur ɗin da yake cikin babur ɗinmu, da kason wata-wata da ake rabo daga Abuja ana biyan albashi, daga irin wannan ƙasa suke fitowa. A 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin tambayar ina za a zuba dagwalo, wa zai auna ruwan rijiyoyi, wace kotu ce za ta ji kukan manomi, shi ne tun ruwan yana garai-garai.

Abin da ya rage mana

Ba mu da ikon gyara kotunan Niyu Yok ko na Hag, amma kotun da take kusa da mu da hannuwanmu ake ɓata ta. Duk lokacin da muka miƙa wa akawun kotu na goro domin takardarmu ta hau sama, muna cewa ai gaskiya ce da mu, mun taya a gina kasuwar da wanda ya fi mu kuɗi zai saye mu a cikinta. Duk lokacin da muka yi shaidar zur a rikicin gona domin ɗan'uwanmu ne ko ɗan ɗarikarmu, mun zauna a kujerar shaidun Nabot. Masu bi da suke alƙalai, lauyoyi, 'yan sanda da ma'aikatan kamfanoni su tuna cewa ɗaga shari'a ba dalili domin a gajiyar da matalauci zalunci ne, ko da doka ta ba da dama. Sauranmu kuwa mu tallafa wa hukumar adalci da zaman lafiya ta Ikkilisiya, mu raka gwauruwa da maraya zuwa kotu, mu taimaki ƙauyukanmu su riƙa ajiye takardun gonakinsu da shaidar lafiyar ruwansu. Kada kuma mu manta cewa lauyan da ya tsaya wa mutanen Lago Agrio yaron talakawa ne da waɗansu suka ɗauki nauyin karatunsa. A cikin yaran da suke zaune a bencin baya ranar Lahadi akwai irinsa.

Ubangiji ya ba da misalin gwauruwar da ta dinga zuwa wurin alƙali marar tsoron Allah har ya gaji ya biya mata hakkinta. Ba ta ba shi toshiya ba, ba ta kuma daina zuwa ba. Tsakanin waɗannan biyu hanyarmu take. Mu yi addu'a domin mutanen kogin Aguarico da na ƙasar Ogoni, domin alƙalai su ji tsoron Alƙalin da ba a ɗaga zamansa, domin masu riƙe da kamfanoni kuma Allah ya ba su zuciyar Zakka. Allah ya tsare mana ruwanmu da harsunanmu. Amin.